Yaya, "1 bed" ɗin nan ba gado ɗaya yake nufi ba

Yaya na saurari saƙonki tun jiya da daddare, ina wurin aiki ne shi ya sa ban mayar ba sai yanzu. Dan Allah ki kwantar da hankalinki, angon nan bai raina 'yarmu ba. Da ya ce miki ya kama "1 bed flat" a Birmingham ba wai gado ɗaya tal ya sayo ya ajiye a tsakar ɗaki ba, ɗakin kwana ɗaya yake nufi. Nan Ingila da ɗakunan kwana ake ƙirga gida, bed ɗin nan gajarta bedroom suka yi, falo da kicin da banɗaki ba a sa su a lissafi don an san suna nan. Kinga kenan ciki da falo ne irin namu na Kano, har da kicin da bayi a ciki. Nawa gidan a Manchester 3 bed ne amma gado biyar ne a ciki idan kika haɗa da mai hawa biyu na yaran maza.

Inda za ki ɗaga murya shi ne da ya ce bedsit. Wannan kam ɗaki ɗaya ne, nan gado nan kujera nan ɗan wurin girki a lungu, banɗaki kuma yawanci na haɗaka da sauran 'yan haya. Mazanmu da yawa da shi suka fara lokacin suna ɗalibai, amma a cikinmu ba ma kai amarya bedsit, ko mutum ya matsa dattawa za su ce ya ƙara haƙuri ya tara kuɗi tukunna.

Toh maganar gadon da kika ce kin ba kafinta, wallahi ki dakatar da shi. Na san abin da gadon amarya yake a zuciyar uwa, ni ma Mama ta yi min nawa har da madubi da sif, kuma yana nan a gida ban taɓa kwana a kansa sama da wata biyu ba. Gidajen nan matakalarsu siririya ce ga kwana, gadon katako mai allon kai irin namu ba zai hau ba ko da maza huɗu, in ma ya hau ɗakin ba zai ɗauka ba. Ma'auratan nan yawanci a kan double suke kwana, faɗinsa ƙafa 4 da rabi, king ƙafa 5, sai super king ne ya kai ƙafa 6 irin katifarmu ta six by six, shi kuma kina sa shi a ɗakin haya sai dai ki riƙa bin bango a karkace kafin ki kai taga. Sannan ki tambayi angon ko gidan furnished ne, in haka ne gado da katifa da kujeru duk na mai gidan ne, an rubuta su a takarda ranar shiga, ba ka da ikon fitar da su sai ya yarda, in suka lalace a cire a kuɗin ajiyarka wanda kan kai kuɗin hayar sati 5.

Abin da muke yi a nan, iyayen amarya su turo kuɗin kayan ɗakin, mu matan da muka daɗe mu sa rana mu je kantin IKEA ko Argos, gadon a kwali yake zuwa, samari su haɗa shi da sukudireba, mu kuma mu yi jere kamar yadda ake yi a gida, a kunna turare a dafa shinkafa a yi addu'a. Ke dai ki cika akwati da abin da ba ma samu da sauƙi, turaren wuta da humra da muciya da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Banda kilishi da man shanu, nama da kayan madara ba a barin su shigo daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe.

Ƙirgan bed ɗin nan ba a tallan haya ya tsaya ba Yaya, ya shiga har cikin zumuncinmu kuma shi ne abin da ya fi damuna da ƙasar nan. Tun watan Afrilu na 2013 wanda yake gidan kansul, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, yana karɓar tallafin haya, in aka ga yana da ɗakin kwana ɗaya da ya wuce buƙatarsa sai a yanke kashi 14 cikin ɗari, in biyu ne ko fiye kashi 25, mutane suka sa masa suna bedroom tax. A lissafinsu yara 'yan ƙasa da shekara 10 mace da namiji ɗaki ɗaya za su kwana, in jinsi ɗaya ne har zuwa 16. Wannan na shekara 10 ɗin ya zo daidai da abin da malamai suka koya mana na raba wa yara makwanci, shi ya sa za ki ji uwa tana neman ƙarin ɗaki da zarar babbar 'yarta ta doshi goma. Amma ɗakin baƙi fa babu shi a lissafin kowa, wanda yake hayar ɗan kasuwa ma kowane ƙarin bed ƙarin fam ɗaruruwa ne duk wata. Mu kuma ba za mu ce wa baƙo ya tafi otal ba, shi ya sa kusan kowane gidan Bahaushe a nan akwai sofa bed, kujera ce da rana da daddare a ja ta ta zama gado, ga air bed da ake hura wa iska a ɓoye a ƙarƙashin matakala. Lokacin suna ko rasuwa mata mu cika ɗaki, maza a falo ko a raba su gidajen abokai. In kin zo wankan jego in sha Allah haka za a yi miki, kada ki ɗauka rashin daraja ne.

'Yarmu za ta kuma riƙa ganin bed and breakfast a jikin gidaje, masauki ne, ka kwana a ba ka karin kumallo. Amma in 'yar'uwa ta ce miki kansul sun sa ta a B&B da yara, ba hutu ta je ba, ta rasa gida ne aka ajiye ta na wucin gadi, kuma a doka bai kamata mai yara ta wuce sati 6 a ciki ba. Irin wannan mukan tashi tsaye mu kai abinci saboda galibi babu wurin girki.

Na asibiti iri ɗaya ne da namu, yadda muke cewa an ba shi gado ko babu gado haka su ma suke ƙirga marasa lafiya da bed. Wurin da aka gyara aka shuka filawa ko kayan lambu shi ma bed ne, kamar fangali a wurin masu noman rani, ni ma ina da guda biyu a bayan gida ina sa alayyahu in zafi ya shigo. Ƙasan kogi inda ruwa ke kwanciya river bed. In an ce mata make the bed shimfiɗa za ta gyara. Guda ɗaya ce nake so ki ja mata kunne a kai, go to bed tafiya barci ne, amma da zarar an ƙara with da sunan mutum maganar ta koma ta kwanciyar namiji da mace, kada ta faɗa a gaban mutane tana nufin ɗaki ɗaya ta kwana da ƙawarta.

Ki ce wa angon ya auna tsawo da faɗin ɗakin ya turo min tare da hoton matakalar, ranar Asabar ba ni da aiki zan shiga jirgin ƙasa in je in gani da idona, sai in faɗa miki nawa za ki turo.