Hukuncin 'Yan Mata Su Haɗa Baki Su Ware 'Yar Ajinsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata mai shekara 15 da ƙawayenta sun cire wata 'yar ajinsu daga gurup ɗinsu na WhatsApp. Wata biyu ke nan ba sa amsa gaisuwarta, suna yawo da hotonta ana dariya. Ta ce yarinyar ce mai rawar kai, kuma ai Annabi (SAW) ma ya ƙaurace wa wasu sahabbai. Ni ma da ta nuna min hoton na dara, na ɗauka wasan yara ne tunda ba duka. Akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, idan 'yarki ta fara al'ada, alƙalami ya hau kanta, an wuce maganar wasan yara. Izgili da gulma haramun ne babu saɓani, haka ƙauracewa fiye da kwana uku.

Hujjar da ta kawo kuwa ba a muhallinta take ba. Ka'abu ɗan Malik da Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya sun zauna ba su fita Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira, aka ƙaurace musu kwana 50. Amma wa ya bayar da umarnin? Manzon Allah ne, shugaban al'umma, a kan barin wajibin da su da bakinsu suka amsa. Ba a yi musu shaguɓe ba, ba a mayar da su abin dariya a majalisa ba. Ranar da aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka, sahabbai rige-rige suka yi wajen yi wa Ka'abu albishir. Malaman da suka halatta ƙaurace wa mai saɓo sun sharɗanta ya zama don Allah, kuma ana sa ran zai gyaru. Rawar kai ba saɓo ba ce, kuma wane gyara ake nema ga yarinyar da ke cin abincin tara ita kaɗai a bayan aji?

Abin da ya fi damuna dariyar nan taki ce. Ta kawo miki hoton ne don ta ga fuskarki, kika sa mata hannu. Ki duba yadda kike ambaton kishiya ko facala a gabanta, da finafinan fassara da kuke kallo da dare, inda mai makirci ce ke da ado da nasara. Yarinya tana koyon ƙulla sharri a tsakar gida kafin ta riƙe waya.

Kada ki ƙwace wayar cikin hargowa, a ta ƙawa za ta ci gaba. Ki zaunar da ita, ki fara gaya mata dariyarki kuskure ce. Ta goge hoton, ta fara yi wa yarinyar sallama a gaban waɗanda suka ware ta tare, ta nemi yafiyarta ba tare da zayyana mata duk abin da aka faɗa ba. Idan sauran suka ƙi dainawa, ki sanar da malamarsu a asirce. Allah ne mafi sani.