Ba fiziks ne ya kayar da ni ba, aljabara ce

Ƙanena, saƙonka shi ne na uku daga Yauri cikin watan nan, kuma tambayar ɗaya ce: mai kiredit a lissafin WAEC zai iya zuwa Turkiyya ya karanta fiziks? Kai har ka ƙara da cewa kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke canzawa, kake tsoro, don ba a koya muku ba.

Ajiye kalkulas tukuna. Ni ma da kiredit ɗin na zo, kuma makin da na ci a jarabawar farko har yau ban faɗa wa Inna ba. Dokokin Newton uku na haddace su kamar karatun allo. Amma aka ba ni v² = u² + 2as, aka ce in fitar da s, haruffa zalla babu lamba ko ɗaya, sai na tsaya ina kallon takarda. A makarantar da na yi, zuba lambobi a fomula da danna kalkuleta kawai muka sani, nan kuwa malaminmu ya hana shiga da ita. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, domin ba ƙwaƙwalwa na rasa ba, ba a koya mini ba ne. Wata huɗu na yi ina bin littafin SS1 da dare, cikin sanyin Ankara, kafin na miƙe. Da gumina na gyara, ba wanda ya riƙe mini hannu.

Don haka aljabara ce farko. Ka iya juya kowace fomula, ka warware lissafi mai haruffa biyu da ba a san ƙimarsu ba, ka saba da irin su 10⁻⁶ ba tare da gabanka ya faɗi ba.

Sai tirigonometiri, lissafin kusurwoyi da su sin da cos, kuma ba haddar tebur nake nufi ba. Ka tuna katakon da ake jinginawa a bayan mota a tura buhun shinkafa? Buhu mai kilo 50 nauyinsa niyuton 490 ne (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi a fiziks), wato 50 sau 9.8. In katakon ya karkata digiri 30, abin da ke jan buhun baya a kan katakon rabi ne, 245, domin sin 30 rabi ne. In ba ka ga dalilin da ya sa sin ne a nan ba cos ba, zangon farko zai wahalar da kai. Haka mai kwalekwale da ke tsallaka kogin Neja: ya nufi gaba, ruwa na jan sa gefe, ya sauka can ƙasa da inda ya nufa. Wannan shi ne bekta, ka sha gani da idonka, saura ka iya zana shi da kibiya ka haɗa.

Kalkulas a shekarar farko ake koyar da shi tare da fiziks ɗin. In ka gane cewa gangaren giraf na nisa da lokaci shi ne gudu, ka kama bakin zaren.

Abu biyu da ba wanda ya faɗa mini. Shekarar koyon Turkanci kafin fara digiri tana sa lissafi ya yi tsatsa, in ba kana taɓa shi kullum ba. Sannan a nan 9,8 suke rubutawa da waƙafi, ba ɗigo ba. Na yi asarar maki a kan wannan kaɗai. Jarabawar YÖS, ta shiga jami'a ga ɗaliban waje, ita ma galibinta lissafi ne, ga ƙarancin lokaci.

Ka warware tambayoyi 20 na juya fomula, da hannu, ka turo mini hotonsu ranar Juma'a. Sai na gani za mu yi maganar fasfo.