Amsa kan bot da ke ganin tagar kwamfutar nesa kamar hoto

Salam ɗan'uwa. Ina karanta tambayarka na ce wannan ciwon na san shi. Ka ce bot ɗinka na UiPath, wato manhajar da ke danna maɓallai da cike akwatuna a madadin mutum, yana aiki lafiya lau a kan kwamfutarka, amma da ka buɗe manhajar lissafin ta cikin manhajar haɗin nesa da wani kamfani ya ƙera muku, ba mstsc ba, wato manhajar haɗin nesa ta Windows, sai ya riƙa ganin tagar dunƙule guda, babu maɓalli, babu akwatin rubutu. Kana tambaya ko ka ƙara masa lokacin jira ka koma gane hoto da OCR, wato karanta rubutu daga hoto. Don Allah dakata tukuna, kar ka fara ta nan.

Bot ɗinka ba shi da laifi. Abin da RDP, ƙa'idar haɗin nesa ta Microsoft, ke turo wa kwamfutarka zanen allo ne kawai, ita kuma ta mayar da motsin linzami da dannawar kibod. Bayanan UI Automation, waɗanda salekta (adireshin da bot ke gane maɓalli da shi) ke dogaro da su, suna can cikin zamanka (session) a kan saba, wato kwamfutar nesa, ba sa ƙetarowa. Shi ya sa dole a sami wakili a can, wato Remote Runtime na UiPath da ake sakawa a saba, da fulogin (ƙaramin ƙari da manhajar haɗin ke lodawa) a ɓangarenka, da kuma bututun da su biyun za su yi magana ta cikin haɗin kansa. A takardun Microsoft sunan bututun nan virtual channel. Ukun nan in ɗaya ya faɗi, hoto za ka ci gaba da gani, kuma a irin halin da kake ciki na tsakiyar ne ke yawan faɗuwa.

Dalili shi ne mstsc yana duba rajista a HKCU\Software\Microsoft\Terminal Server Client\Default\AddIns ya loda fulogin da ya tarar a wurin. Manhajar da wani ya ƙera ba lallai ta yi haka ba. In a kan mstscax.dll, injin RDP na Windows, aka gina ta, akwai wurin da mai rubuta ta zai miƙa sunayen fulogin, PluginDlls, in ya ga dama. In a kan FreeRDP take, wani injin RDP da ba na Microsoft ba, tsarin lodinta daban ne, ba ruwanta da waccan rajistar. In kuwa cikin burauza take buɗewa, irin Apache Guacamole, to babu ma inda DLL, wato fayil ɗin fulogin, zai shiga a kwamfutarka, kar ka ɓata lokaci. Ka buɗe haɗin, ka kunna Process Explorer, manhajar Microsoft mai nuna abin da ke gudana a kwamfuta, ka zaɓi manhajar haɗin, ka danna Ctrl+D, ka duba jerin DLL da ke ƙasa. Ka ga fulogin ɗin ko ba ka gani ba? Minti biyar ne. Ka duba kuma ko manhajar 32-bit ce, domin 32-bit ba ta loda DLL na 64-bit, kuma ba za ta ce maka uffan ba.

Nan ne raina ke ɓaci, wallahi. Masu sayar da irin waɗannan manhajoji za su ce maka suna goyon bayan RDP ɗari bisa ɗari, alhali abin da suke nufi allo na fitowa, linzami na motsi. Ka tambaye su bututu, su ce ka sake kunna kwamfuta. Ka turo musu hoton Process Explorer, su ce matsalar bot ɗinka ce, su rufe ƙorafin. Ka sake buɗewa, wani sabon mutum ya sake tambayarka tun daga farko. Ni ma haka wani kamfani ya yi ta yawo da hankalina, kuma shirunsu ne ke tura mutum ga gane hoto, inda ainihin ɓarnar take. Ga yadda take faruwa: ka ɗauki hotunan maɓallai allo na kan kashi 100, washegari wani ya shiga daga laftof mai kashi 125, komai ya ɗan gusa. Ko netwok ya yi nauyi, bot ya danna, taga ba ta gama buɗewa ba, shi kuma ya riga ya fara rubutu. Adadin kuɗi ya faɗa akwatin lambar asusu, Enter ya tafi, layi na gaba ya bi sahu. Bot bai tsaya ba, bai yi kuka ba, rahotonsa kore shar. Sai bayan kwanaki mai duba lissafi ya zo da takarda a hannu, a zauna ana bin layi ɗaya bayan ɗaya ana neman inda aka fara karkacewa, kuma kai za a kalla, ba wanda ya ƙi loda fulogin ba. Gara bot ya faɗi da ja sau goma da ya wuce da kore a kan kuskure sau ɗaya.

To ka rubuta musu tambaya guda, a rubuce: manhajarku tana loda fulogin na Dynamic Virtual Channel, masu IWTSPlugin, ko kuwa? In sun ce e, su nuna maka inda ake rajistarsa. In ku ne masu source code na manhajar, aikin bai fi ƙarfinku ba: ɓangarenku ya saurari sunan bututun, ɓangaren saba ya buɗe shi da WTSVirtualChannelOpenEx. Ku zaɓi sabon nau'in, dynamic, domin tsohon, static, guda 31 kacal ake da su a haɗi ɗaya, suna ba ya wuce haruffa 7, ga firinta da sauti da kwafe duk suna cin nasu kason. In kuma Citrix ne a ƙarƙashin rigar, wani tsarin haɗin nesa na daban, daga siga ta 2109 jerin bututun da aka yarje wa a kunne yake zuwa, sai mai kula da saba ya saka naka da hannu.

A saba, ka tabbata Remote Runtime yana gudana a cikin zamanka kai, ba na wani ba. Buga umarnin qwinsta ka ga lambar zamanka, ka kwatanta da ta Task Manager. Kar wani ya ce zai mayar da shi sabis na Windows, sabis yana cikin zama mai lamba 0 ne, ba ya ganin allon kowa. Sigar fakitin UIAutomation na UiPath da ke cikin aikinka ita ma dole a same ta a can, ka sabunta nan ka manta can, salekta ya mutu. In manhajar lissafin tana buɗewa da ikon admin, wakili marar wannan ikon ba zai iya danna mata komai ba. In ta Java ce, jabswitch -enable a saba, sannan a rufe ta a sake buɗewa.

Af, kar na manta da naɗe taga. In aka naɗe mstsc zuwa ƙasa, zaman ya daina zana allo, bot ya makance. A rajistar kwamfutar da ake haɗawa daga ita ake gyarawa: RemoteDesktop_SuppressWhenMinimized, DWORD, a ba shi 2, ƙarƙashin Terminal Server Client. Danna X kuma yana yanke zaman ya bar shi ba allo. Wasu na amfani da umarnin tscon da /dest:console don mayar da zaman kan allon sabar kanta, yana aiki, amma yana barin kwamfutar a buɗe ga duk wanda ke gabanta, girman allo ma kan canza. Ka roƙi mai kula da Group Policy, wato dokokin saitin kwamfutocinku, ya duba iyakar lokacin zaman da ba a taɓawa, kar a kore ka tsakiyar aiki.

Ban ce gane hoto haramun ba ne. In an rufe maka duk ƙofofi, ka ɗaure komai: desktopwidth:i:1920, desktopheight:i:1080, desktopscalefactor:i:100, smart sizing:i:0, dynamic resolution:i:0, in manhajar tasu na karɓar saitin .rdp. Ka fi dogara da Tab da gajerun hanyoyin kibod a kan linzami. Kar ka sa jiran daƙiƙa uku, ka jira bayyanar wata alama a allo. Bayan kowane rubutu ka yi Ctrl+A da Ctrl+C ka karanto abin da ya shiga, in bai yi daidai ba bot ya tsaya cak. Wannan na buƙatar redirectclipboard:i:1, kuma rdpclip.exe kan maƙale wani lokaci, sai an kashe shi an tayar.

Amma kafin duk wannan, ka tambaya ko za a bar ka ka saka bot ɗin kansa a cikin sabar. In aka yarda, zancen bututu ya ƙare, lasisi da izinin masu tsaro ne kawai suka rage. Tunda na ambaci tsaro, na roƙe ka kar ka buɗe 3389, ƙofar da RDP ke bi, ga intanet don sauƙin gwaji, kar kuma ka rubuta kalmar sirri a cikin aikin, ka ajiye ta a Orchestrator na UiPath ko Credential Manager na Windows.

Ka dawo mana da abu uku: abin da Process Explorer ya nuna, 32 ce ko 64, da ko mstsc zalla yana iya kaiwa ga wannan sabar. In yana kaiwa, ka gwada salekta ta cikinsa. Ya yi aiki a nan, to ka sami hujjar da za ka ajiye a gaban kamfanin.