Na gwada hasashen Goldbach har miliyan 10, in biya kuɗin mujalla?

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a sakandare. Na rubuta manhaja ta gwada hasashen Goldbach, cewa duk lamba cika da ta haura 2 jimillar lambobin firam biyu ce (firam ita ce lamba sama da 1 da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta), kuma har miliyan 10 bai karye ba. Wata mujallar intanet ta ce in biya kuɗi ta buga aikin cikin mako guda, kuma na ji akwai kyautar dala miliyan 1. Tsorona kada wani ya riga ni. In sayar da babur ɗina in biya?

Amsa: Malam, ka bar babur ɗinka. Maganar wani ya riga ka ba ta ma taso ba, domin an daɗe da wuce inda ka tsaya. Tomás Oliveira e Silva na ƙasar Fotugal da abokan aikinsa sun kai gwajin har lamba 4 mai sifiri 18 a bayanta, kuma ko su ba su ce sun warware komai ba. Tun 1742 da Goldbach ya rubuta wa masanin lissafi Euler wasiƙa a kai, maganar tana nan a matsayin hasashe.

Kullum ina fama da wannan fahimta, har daga masu digiri: wai yawan misalai hujja ce. Ba hujja ba ce, ko kusa. Lambobi ba su da iyaka, saboda haka duk nisan da kwamfutarka ta yi, abin da ya rage ya fi wanda ka taɓa. Wanda ya auna buhu goma a Dawanau bai isa ya rantse a kan hatsin duniya ba.

Ka gwada wa ɗalibanka n² + n + 41. In ka sa n daga 0 har 39 firam take bayarwa, sau 40 a jere. A kan 40 sai ta ba da 1681, wato 41 sau 41. Masanin lissafi Fermat ma, da girmansa, ya duba lambobi biyar na farko a wani jerin lambobi, ya ga firam ne, ya ɗauka duk danginsu firam ne, sai Euler ya nuna a 1732 cewa ta shida, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641. Wanda ya fi shafarka shi ne hasashen Pólya na 1919, wani hasashe kan adadin firam ɗin da ake ninkawa a samu lambobi. Haselgrove ya rushe shi a 1958, kuma lamba mafi ƙanƙanta da ta saɓa masa ita ce 906,150,257. Da manhajarka aka sa a kansa, da ta tsaya a miliyan 10 ta ce maka lafiya lau. Hujja dalili ce da ke tilasta wa kowace lamba bin doka, har wadda ba za a taɓa rubutawa ba. Irin wannan hujja Chen Jingrun ya kawo a 1973, ya tsaya dab da warware hasashen Goldbach, kuma Harald Helfgott ya yi a 2013 kan ƙanen hasashen: duk lamba mara da ta haura 5 jimillar firam uku ce.

Batun kyauta kuwa, an ruɗe ka. Hasashen Goldbach ba ya cikin matsaloli bakwai da Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa wa dala miliyan 1 kowacce a 2000. Wani kamfanin ɗab'i na Ingila ya taɓa sa masa irin wannan kuɗi, wa'adin ya ƙare a 2002. Ita Clay ma ba ta kallon aiki sai an buga shi a mujallar da masana suka yarda da ita, ya kuma yi shekara biyu ana tankaɗe da rairaya.

Mujallar da ke alƙawarin tantance maganar da ta gagari duniya tun 1742 cikin mako guda, kasuwa take ci da kai. Ko shirme ka aika mata za ta buga, in dai kuɗi sun shiga, kuma sunanka ne zai kwana a ciki. Idan kana da wata hujja ban da gwajin, rubuta ta mataki-mataki ka kai wa malamin nazarin lambobi a sashen lissafi na jami'ar da ke kusa da kai, ka roƙe shi ya nemo maka kuskure. Manhajar kuma ka shiga aji da ita, ka sa yara su nemo hanyoyi shida da ake rubuta 100 da firam biyu.