Me ya sa tabarka ta bushe kore?

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa ganyen tabar da ka tsinko daga 'yar gonarka ta bakin fadama ya bushe cikin kwana huɗu yana nan kore shar, da an taɓa shi sai ya rududduge, alhali wanda ke rumfata ya yi ja, ya yi laushi, yana ƙamshi. Ka ce iri ɗaya muka shuka, rana ɗaya muka dasa. Haka ne. Amma ka gaya mini da bakinka cewa a kan dangar gidanku ka rataye shi, rana na dukansa, iskar hunturu na kaɗa shi dare da rana. To, nan aka yi ɓarnar.

Ganyen taba ba ya mutuwa ranar da aka tsinke shi. Yana nan da ransa na wasu kwanaki, yana numfashi, yana cin abincin da ya tara a jikinsa tun yana kan kara. A cikin wannan cin ne sitacin da ke cikinsa yake narkewa ya koma sukari, koren da ya rufe shi ya dusashe, ruwan ɗorawar da ke ƙarƙashi ya fito fili, daga nan kuma ya juye zuwa ja ko ruwan ƙasa. Duk wannan aikin sai da ruwa a jikin ganyen yake yiwuwa. In ruwan ya tsere kafin a gama, ganyen ya mutu a tsakiyar hanya, koren ya kafe inda yake. Mai shan lofe in ya zuƙi irin wannan, ɗaci zai ji da warin ɗanyar ciyawa, ya shaƙe shi a maƙogwaro. Mai taba gari kuma tun daga launi zai ture maka ita. Saboda haka aikinmu a makon farko shi ne mu riƙe ruwa a cikin ganye, mu hana shi fita da sauri. Busarwa daga baya take zuwa, kuma a ƙasarmu ba ta da wahala ko kaɗan.

Wanda ka riga ka busar, kada ka sa rai da yawa. Kana iya barinsa ya sha raɓa ya yi laushi, ka tara shi ka lulluɓe, zai ɗan yi duhu, ɗacin ya ragu kaɗan. Amma ba zai taɓa kamo wancan ba. Ware shi gefe, kada ka kuskura ka cuɗa shi da mai kyau, don dillali in ya zaro kore guda ɗaya daga cikin dami, kuɗin kore zai yi wa damin gaba ɗaya.

Ni ina zargin tun a gona ma ka yi gaggawa. Ganyen da bai nuna ba, ko a wace rumfa aka sa shi, da ƙyar yake sakin kore. Taba daga ƙasa take nuna zuwa sama, shi ya sa ba a yi mata girbi ɗaya. Ana tsinkar biyu ko uku na ƙasa, a bari kamar mako guda, a dawo a ɗebi na samansu. Nunanne za ka ga korensa ya koɗe, ya yi dabbare-dabbaren ɗorawa, bakinsa ya sunkuya ƙasa, jijiyarsa ta yi fari-fari. In ka danna gindinsa da babban yatsa sai ya ɓalle da ƙara, ƙas, ba ya jan fatar kara. Wanda sai ka murɗa ka ja, bar shi, bai isa ba. Sannan in ka cika wa gona takin yuriya, ganyen zai yi faɗi ya yi duhu har ka ji daɗin kallonsa, amma ba zai nuna da wuri ba, kuma a rumfa zai ba ka wahala. Haka in ba ka karya kan ba lokacin da ta fara fure, ko ka bar tohon da ke fitowa a hammatar ganye, ƙarfin shukar can zai tafi, ganyen ya fito siriri ba nauyi. Kai biyu ko uku kawai ake bari su yi fure, don iri, da kuma don tsofaffin matan da har yanzu suke neman furen taba su goga a haƙori in sun ci goro.

Kuma ka bari raɓa ta kaɗe kafin ka shiga tsinka. Jiƙaƙƙen ganye yana saurin ruɓewa in an tara shi, amma babban dalilin jikinka ne. Nikotin yana narkewa a cikin ruwan da ke kan ganyen ya shiga ta fata, sai mutum ya ji jiri, da tashin zuciya, da amai, da ciwon kai, ko da bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Mutanenmu kan ce rana ce ta buge shi ko iska, alhali ganyen ne. Sa riga mai dogon hannu, in ta jiƙe ka canza, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci. Ƙananan yara kuwa kada ka bari su shiga wannan aikin, jikinsu ba ya ɗauka.

Da ka kawo ganye gida, inuwa zai shiga nan take. A hunturu ni ba na rataye shi a ranar da aka tsinko shi. Ina jera shi a kan tabarma, gindi ƙasa, baki sama, ba tudu mai tsayi ba, in lulluɓe da buhun algarara. Kwana biyu ko uku ya yi yaushi, ɗorawa ta fara bayyana. Kowace safiya kana buɗewa kana sa hannu. In ka ji ɗumi kaɗan, daidai ne. In ka ji zafi ko ka ga ganye yana gumi, warwatsa shi ya sha iska, in ba haka ba zai dahu ya yi baƙi ya yi yauƙi. Bayan nan sai basilla da igiyar rama. Ta gindin jijiya ake huda shi, bibbiyu, baya da baya, don in sun fara naɗewa kada su rungume juna su riƙe ruwa a tsakani.

Yanzu sai rumfa, inda aikin gaske yake. Masana aikin taba sun auna sun ce laimar iska a cikin rumfa ta tsaya wajen kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Iskar hunturu a ƙasar Sakkwato ko Katsina da tsakar rana takan sauka ƙasa da kashi 20. Ka ga ratar da ke tsakani. Mu ba mu da na'urar awo, amma ganyen da kansa yana faɗa. In ka shiga da rana ka ji yana ƙaraurau alhali bai gama juyawa ba, iska ta yi yawa. Sai ka kewaye rumfar da zana, ka ninka ta ɓangaren gabas da arewa inda hunturu ke bugowa, ka matsa igiyoyin kusa da juna don ganyayen su riƙa shaƙar laimar junansu, ka yayyafa ruwa a ƙasa safe da yamma. A ƙasa na ce, ba a jikin ganyen ba, don ɗigon ruwa yana barin tabo. Da dare, in iska ta kwanta, ka ɗaga zana kaɗan sanyin fadama ya shigo. In ganye ya gama yin ja gaba ɗayansa, to a nan ne za ka buɗa igiyoyi, ka saki iska ta yi aikinta.

Wanda ya yi tabar damina kuma, komai juyawa yake yi. A watan Agusta da Satumba laima ce take yawa, ganye ya ƙi bushewa, funfuna ta hau shi, gindin jijiya ya ruɓe har ya zame daga igiya ya faɗo. A lokacin sai a buɗe zana, a ba da rata mai faɗi, in marka ta zauna a sa ɗan garwashin gawayi a kasko a ƙasa don ya kori danshi. Gawayi, ba ɗanyen itace ba, don ganyen taba duk hayaƙin da ya shaƙa ba ya sakinsa. Kuma mai kasko a ƙarƙashin zana ba ya barci.

Gaba ɗaya aikin rumfa yakan ci mako huɗu zuwa takwas, ya danganta da kaurin ganye da yanayin gari. Kada faifan ganyen ya ruɗe ka, shi ne yake fara bushewa. Jijiyar tsakiya ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma ma'auni. Kama ta kusa da gindi ka lanƙwasa. In ta karye, an gama. In ta lanƙwasu kawai, da sauran ruwa a ciki, kuma wannan ruwan ne zai fito ya ruɓar maka da dami bayan ka ɗaure. Ka shirya ranka game da nauyi ma: ɗanyen ganye fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kilo 10 ba zai bar maka abin da ya kai kilo 2 ba.

Na san abin da za ka ce, wai ka ji a ƙasar Yarabawa mako ɗaya suke gamawa. Gaskiya ne, a wajajen Iseyin ta jihar Oyo suna da ɗakunan gashi masu bututun ƙarfe, ana hura wuta daga waje, zafi ya bi bututu ba tare da hayaƙi ya taɓa ganye ba. Amma ko su, kwana biyun farko a rufe ɗakin yake, zafin bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, suna jiran ganye ya yi ɗorawa tukuna. Sai ya juya suke ƙara wuta a hankali har wajen digiri 70 don busar da jijiya. Wato su ma ba su tsallake matakin da ka tsallake ba. Tasu tana fitowa ruwan lemo, da sukarinta a ciki, don sigari. Tamu ta iska takan cinye sukarinta a rumfa, ta fito da duhu da ƙarfi. Lokacin da kamfanin taba na NTC, wanda ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, yake sayen ganye a hannun manoman Arewa, daraja-daraja ake kasa shi a wurin awo, kuma kore can ƙasa yake zama.

Ɗaya maganar da ka sako a ƙarshe, cewa wani abokinka ya ce tabar wiwi ma haka ake shanya ta, kuma ta fi kuɗi nesa ba kusa ba: ban koya ba, ba kuma zan koyar ba. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ba ta tsaya kan mai sha da mai sayarwa ba, ta haɗa da mai shukawa da mai sarrafawa, hukuncin kuma yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. In aka same ta rataye a rumfa, mai rumfar za a fara tambaya, wato ni. Ita kanta tabarmu ba na yabon ta a matsayin abin sha, tana cin ƙirji, malamai da yawa ma ba sa son ta, kuma tun dokar 2015 laifi ne a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Sana'a ce muka gada, muna yin ta a fili.

Mu koma rumfa. Busasshen ganye ba a sauke shi da rana, zai zama gari a hannunka. Da asuba ake yi, bayan ya sha sanyin dare, in kuma hunturu ya tsananta a jiƙa ƙasa sosai tun da daddare a rufe zana. Dunƙule ganye ɗaya a tafin hannunka ka saki. In ya buɗe a hankali bai tsage ba, ya yi. In ya zauna a dunƙule, laima ta yi yawa, jira hantsi. A nan za ka ware na ƙasa daban, na tsakiya daban, na sama daban, ka ɗaure kamar ashirin-ashirin ta gindi da wani ganyen.

Daga nan sai tari, wanda yawancin yara suke rainawa don ba sa ganin ana yin komai. Ana jera ƙullin a kan katako ko karan dawa, gindi waje, baki ciki, a danne, a lulluɓe da algarara. Abin da ke faruwa da kalwa in an rufe ta za ta zama daddawa, kusan shi ne ke faruwa a nan: tarin zai ɗauki zafi da kansa, ya fitar da wani wari mai hawa hanci kamar na fitsari, kaifin ganyen yana fita ke nan. Cusa hannunka har tsakiya kullum. Muddin kana iya barin hannun a ciki, bar shi ya ci gaba. Ranar da ka ji ba ka iya jurewa, ko da dare ne, rushe shi, ka kaɗe kowane ƙulli, ka sake jerawa, na waje su koma ciki, na ciki su fito waje. Kowane juyi zafin yana raguwa, har ya daina tashi, warin ya kau, ƙamshi ya zauna. Ƙaramin tari irin naka ba zai yi zafi sosai ba, gara ka kawo a haɗa da nawa, mu sa wa ƙullinka alama da jan zare.

Wajen ajiya, leda ba ta taba ba ce, tana tara gumi. Algarara ko tabarmar kaba, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, a nesa da kananzir, man fetur da turare. Akwai wani ɗan ƙwaro ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai huda ganye ƙanana-ƙanana yana barin gari a gindin buhu. In ka gan shi, fitar da damin da ya kama, ka share ɗakin tas, don a tsohon ɓurɓushin taba yake haihuwa. Kada ka fesa maganin ƙwari na gona a kan abin da mutum zai sa a hanci ko a baki. Kanwa kuma sai ranar daka ake sa ta, mai daka ne ya san gwargwadonta, kai ganye kake sayarwa. In za ka kai kasuwa, laushin da zai hana shi karyewa a hanya ya isa. Masu yayyafa ruwa don sikeli ya yi nauyi, dillalai sun san su, hannu kawai suke cusawa tsakiyar dami su ji sanyi, su zaftare kuɗin.