Amsa kan allon da kuke son kafawa a hanyar gidanmu

Ja'irin jikana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini a waya. Wai ko ya dace ku rubuta wa ƙaramar hukuma a kafa allo da sunan kakana a bakin hanyar nan, tunda ka ga a Kano akwai titin Audu Bako da na Murtala. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Waɗancan gwamnati ce ta raɗa musu suna. Tamu kuwa ba wanda ya yanka mata rago, bakin mutane ne kawai ya kama.

Shi tsohon ya baro cikin gari ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, lokacin da gyaɗa ta fara kuɗi, kowa na neman fili. Dagaci ya nuna masa daji, ya sare, ya haƙa rijiya. Duk wanda ya biyo baya a rijiyarsa ya sha, a rumbunsa ya ranci iri. Mahaifina yakan ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ni abin da idona ya gani shi ne ranar da aka faɗaɗa hanyar. Ban isa riƙe garma ba, sai dai kai ruwa. Da jakuna muke kai gyaɗa wajen awo, aka ce mota za ta shigo in an yi mata hanya. Aka kira gayya. Tun asuba gangar noma ke tashi, mata na dama fura a manyan ƙore. Da aka ja igiya sai ga ta ta ratsa tsakiyar gonar kakana, dawa kuwa ta fid da kai, saura ƙiris ta nuna. Kowa ya yi cirko-cirko, makaɗa ma suka sauke ganga. Dagaci na ta kame-kame, wai ko a karkata ta gonar wata tsohuwa mai marayu. Tsohon nan, bayansa a tanƙware, ya karɓi adda a hannun mahaifina, ya shiga ya fara sara da kansa. Bai ce uffan ba. Kakata ta daɗe ba ta huce ba. Daga nan direbobi suka riƙa kwatance da gidansa.

Gyaɗar ma ta tafi, farin 1973 da cutar 1975 suka karya ta. Yanzu iyayenku sun yanka gonakin gefen hanyar filoti-filoti sun sayar, rijiyar ta zama juji. Kai da ke neman allo, ka san inda iyakar gonar take?

Ban ce kada ku rubuta ba. Amma allon da wannan ciyaman ya kafa, na gaba na iya tumɓukewa. Ku fara zuwa wajen mai unguwa, jikokin waɗanda suka yi gayyar nan ma suna da ta cewa. Ka gai da mahaifiyarka.