Me ya haɗa nas da sauyin yanayi?

Tambaya: Salam. 'Yata tana aji biyu a makarantar koyon aikin jinya, wai an ba su aikin gida akan sauyin yanayi. Ni dai allura da wankin ciwo na biya mata kuɗi ta koya, ba zancen dashen bishiya da hayaƙin mota ba. Dan Allah wannan ba ɓata lokaci bane? Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. A'a wallahi, cikin aikinta ne. Ki tambayi duk sistar da ta daɗe a asibitin Shika ko na Gambo Sawaba, majinyata ne suke gaya mata watan da ake ciki. Hunturu masu tari da asma, daga Maris zuwa Afrilu sanƙarau da tsofaffin da ruwan jikinsu ya ƙare, balle in azumi ya faɗo ciki ga ba wuta ba fanka, ruwa na sauka kuma sai maleriya da amai da gudawa. To yanzu zafin ƙaruwa yake, ruwan ma in ya tashi zuwa sai ya zo a haukace. Ambaliyar 2022 ta ci rai sama da 600 a ƙasar nan, a 2024 kuma kowa ya ga yadda dam ɗin Alau ya yi da Maiduguri.

Kuma fa bayan ruwan ya janye ne aikin nas yake farawa, don shadda ta riga ta haɗu da rijiya. Ace yara uku daga layi ɗaya an kawo su rana guda, idanu sun zurma, gudawa fari kamar ruwan wankin shinkafa, nas ɗin da aka koyar ba ƙarin ruwa kawai za ta sa musu ta yi shiru ba, za ta tambayi ina kuke ɗiban ruwa, ta kai rahoto wajen jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma kafin abin ya cinye unguwa. Ita ce kuma za ta nuna wa uwa haɗin gishiri da suga, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe da rabin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa. Sanƙarau na 1996 ya kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan, yau akwai rigakafi, amma wa zai lallaɓa maigida ya bari a yi wa yara kafin zafi ya shigo in ba ita ba?

Inda ni ma nake jin haushi shine a tara nas a otal ana mata lacca kan ceton duniya alhali da tocilan waya take karɓar haihuwa, a fara ba ta sola da ruwan famfo tukun.

Ki bar ta ta yi aikinta Hajiya, in ta gama ki ce ta duba miki tazarar rijiyarku da shadda.